Wasika: Waya ta san tsuntsayen Turai, wa zai koya mata namu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina rokon ka dan bani fili in yi magana a kan wani abu da nasan wasu suna ganin kanun zasu ce wannan bawan Allah bashi da aikin yi, ana fama da tsadar masara da kudin mota shi kuma ya zo yana zancen tsuntsu. To naji. Amma tunda kullum a shafukanku ana kukan matasa sun kare a waya, daga TikTok sai kwallo sai fadan siyasa a Facebook, nace bari in kawo wani amfani na wannan wayar da ba kowa ya sani ba, wato manhajojin gane tsuntsaye da kirga su, musamman ga mu mutanen yankin Hadejia da Nguru da Gashuwa da Allah ya zuba mana tsuntsaye har mun daina ganinsu.

Wadda tafi suna ita ce Merlin Bird ID. Wata cibiyar nazarin tsuntsaye ce ta jami'ar Cornell a Amurka ta fito da ita a 2014, kuma kyauta ce, ba a biyan ko kwabo, kaje Play Store ka sauke ka bada imel shikenan. Idan ka ga tsuntsun da baka sani ba tambaya biyar zata yi maka, a ina ka ganshi, yaushe, yaya girmansa, wane launi ne a jikinsa, sannan me yake yi, yana kasa ne ko kan bishiya ko cikin ruwa ko yana shawagi a sama. Wajen girman nan tsuntsaye hudu suka jera na awo daga karami zuwa babba, na can kasarsu ne, amma kar wannan ya dame ka, ka dauka kawai daga baiwar Allah ne zuwa kurciya zuwa hankaka zuwa dinya, sai ka danna inda naka ya fada. Daga nan zata jero maka hotunan wadanda take zato, kai kuma ka duba kace wannan ne. Idan ka samu daukar hoto ma yafi sauki, ko da hoton bai fita sosai ba sau da yawa tana kamawa in dai siffar tsuntsun ta fito. Kuma abin da yafi burge ni, in ka sauke kunshin tsuntsayen yankinmu tun kana gari inda akwai sabis, to ko ka shiga fadamar da babu netwok ko sanda daya zata yi aiki. Kunshin yana da dan nauyi kam, gara ka bari sai dare lokacin data mai araha ko ka samu inda ake da wifi.

A 2021 suka kara mata kunne. Ka daga waya sama ka danna, ta rika sauraro, wani zane yana tafiya a fuskar wayar yana nuna hawa da saukar kukan, sunan tsuntsun da yake kuka yana fitowa a kasa. Akwai wata ma mai suna BirdNET da ita aikinta kenan sauraro kawai, Cornell din ce da wata jami'a a garin Chemnitz na Jamus suka hada. Duk wanda ya fara ganin wannan abin sai ya rike baki. Amma anan ne gizo ke sakar, kuma anan maganata take. Wannan kunnen nasu yafi kaifi a Amurka da Turai, a nan Afirka tsuntsaye da yawa bai kai gare su ba tukuna, kuma su kansu masu manhajar basu boye ba. Dalili kuwa a fili yake, na'ura kamar dalibi ce, abin da aka biya mata shi take kawowa. Kafin ta iya gane kukan tsuntsu daya sai an tara mata rikodin dinsa masu yawa, na safe da na yamma, na kusa da na nesa, wanda aka dauka cikin iska da wanda aka dauka kusa da hanya mota na wucewa, sannan mutane su zauna su yi wa kowanne alama suce daga nan zuwa nan wane ne yake kuka. Bature ya shekara da shekaru yana bin tsuntsun bayan gidansa da makirfo yana turawa. Mu wa ya dauki kukan suda ya tura? Wa ya dauki na cilakowa ko na ragon maza da yake yi kamar ana tsiyayar ruwa daga gora? Akwai dai wadanda aka dauka, ba a ce babu ba, amma basu kai yawan da ake bukata ba, kuma mafi yawansu baki ne suka zo suka dauka suka koma.

Haka abin yake a eBird, wadda ita ma ta Cornell ce kuma ta girmi Merlin, tun 2002 aka fara ta sannan aka bude wa duk duniya a 2010. Ita ba gane tsuntsu ne aikinta ba, rajista ce. Ka fita ka danna fara, ta rike lokaci da tsawon tafiyar da kayi da GPS, kai kuma kana rubuta abin da ka gani da adadinsa, balbela ashirin, shirwa biyu, hasbiya bakwai, ka gama ka tura. A 2021 bayanan da mutane suka tura mata suka haura biliyan 1. To amma bude taswirar ka duba, Amurka da Ingila da Indiya sun cika makil, ka gangaro arewacin Najeriya da kudancin Nijar sai ka ga fili fetal, dan digo nan dan digo can. Wanda bai san kasar ba sai yayi zaton hamada ce babu ko tsattsewa. Alhali Najeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900.

Kuma fa ba karamin wuri muke zaune a kai ba. Kogin Hadejia da na Jama'are da suke haduwa su zama kogin Yobe su nufi tafkin Chadi, malalar da suke yi a tsakanin Jigawa da Yobe tana daga cikin manyan masaukan tsuntsayen ruwa a duk yankin Sahel. Tafkin Nguru da mashigar Marma shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Dattawan Dagona har yanzu suna bada labarin zuwan Yarima Philip mijin sarauniyar Ingila a 1989, mutum ya taso tun daga Landan don ya kalli agwagin da mu muke wucewa a kan mashin ko waiwaye bama yi. Daga wajen watan Satumba zuwa Oktoba in sanyi ya fara kama Turai da Rasha sai su fara sauka, agwagin ruwa kala kala, da kananan masu dogayen kafafu da suke cika gonakin shinkafa, da wasu 'yan rawaya masu kada wutsiya da ke bin kafar shanu, sun ketare bahar Rum sun ketare Sahara, su yi hunturu da mu sannan wajen Maris da Afrilu su juya. Shi yasa wani lokacin yaro zai harbo tsuntsu a ga zobe a kafarsa da lambobi da rubutun turawa, nan da nan gari ya dauka ance na leken asiri ne ko na tsafi, alhali masu bincike ne suka sa masa a can don su san inda yake zuwa, kuma da za a dauki hoton zoben a tura wa masu abin da an san daga wace kasa ya taso da shekarar da aka sa masa.

Wadda ni nafi so mutanenmu su sani ma ba wadannan na Amurka bane, BirdLasser ce, 'yan Afirka ta Kudu suka yi ta, kuma da ita ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a karshen 2015 karkashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI ta jami'ar Jos, wadda take dajin Amurum kusa da kauyen Laminga. Yadda aka tsara abin yana da dadin ganewa. An yanka kasar gaba daya gida gida a taswira, kowane gida kusan kilomita 9 ne tsawo 9 fadi, suna kiransa pentad. Kai aikinka ka shiga gida daya ka yi akalla awa 2 kana neman tsuntsaye da gaske, ba kana tafiya kana waya ba, ka leka duk irin wuraren da ke ciki, bakin ruwa da gona da cikin gari da kurmi in akwai, duk wanda ka gani ko kaji kukansa ka tabbatar sai ka danna sunansa, manhajar ta rike daidai inda kake tsaye. Kana da har kwana 5 ka kara abin da ka gani a wannan gidan kafin ka rufe katin, wato jerin tsuntsayen da ka gani, ka tura. Layin gidajen yana fitowa a taswirar wayar, in ka tsallaka wani ma zata sanar da kai. Ba a bukatar digiri, ba a bukatar kamara mai tsada. Akwai matasa 'yan arewa da suka hada kungiya suna wannan aiki, Arewa Atlas Team, suna bin jihohi suna cike gidajen da ba a taba shiga ba, kuma wallahi sun cancanci a buga labarinsu a jarida fiye da wasu da muke gani a shafin farko kullum. A can Jos din ne fa aka gano wani dan karamin jan tsuntsu na cikin duwatsu, dan uwan baiwar Allah, wanda sai a 1998 masana suka tabbatar nau'i ne na daban da ba a taba rubutawa ba. 1998 fa, jiya jiya. To wa ya san abin da ke kwance a fadamun da ba wanda ya taba shiga da littafi?

Sai dai duk wannan bayanin, wanda ya san tsuntsayen nan da gaske ba mai waya bane. Wata safiya da sanyi a bakin ruwa wajen Baturiya ina tsaye na daga waya sama, wani dattijo masunci yana zaune kan gorarsa yana warware koma, ya dube ni ya dube wayar yace malam sabis kake nema ne, ai sai ka hau tudu. Nace a'a baba, kukan tsuntsu nake dauka. Yayi dariya har sai da ya ajiye komar. Can sai wani fito ya taso daga cikin ciyawa, sau uku uku, siriri, ko daga kai bai yi ba yace kirinjijiya ce, yanzu suka dawo daga kiwon dare, jiya shinkafar wajen gabas suka kwana ci. Wani ya fasa kara daga bakin gaba yace zakaran kekuwa, wannan ya ga mutum ne, in kaji shi da tsakar dare to wani abu na tafiya a bakin ruwa, ko mutum ko dila. Na nuna masa wani garke can nesa da ni dai duk agwagi nake gani, yace a'a ba daya bane, na hannun dama 'yan gida ne damina ma suna nan, na hagun nan baki ne da sanyi suke zuwa, duba wutsiyar namijin doguwa ce siririya, kuma bana sun yi kasa da na bara don ruwan bai kai inda ya saba kaiwa ba. Na bude hotuna a waya ina nuna masa daya bayan daya yana dangwala yatsa yana cewa wannan akwai, wannan akwai, wannan da akwai amma na dade ban gani ba, wannan kam ba namu bane. Mutumin nan bai taba rike littafin boko ba, amma abin da ya fada min kafin rana ta daga babu shi a cikin kowace manhaja, don ba wanda ya taba tambayarsa balle a rubuta. Irinsa suna nan da yawa, masunta da mafarauta da Fulani makiyaya da tsofaffin da suka yi tsaron gero tun suna yara, kuma kullum raguwa suke, ana binne su da abin da suka sani.

To shi yasa nake cewa yaro mai waya shi kadai ba zai yi ba, zai yi ta danna sunayen turanci ne yana hardacewa bai san tsuntsun ba, tsoho shi kadai kuma iliminsa ba zai wuce bakin ruwan ba. A hada su. Yaro ya rike waya, kakansa ya nuna. Akwai ma wata manhaja iNaturalist da ba tsuntsu kadai ba, har ciyawa da kwari da kifi da macizai ana sa hotonsu mutane daga ko'ina su taya ka tantancewa, kuma tana bada damar a kara sunan da mutanen wuri ke kiran abu da shi. Wannan aiki ne da daliban jami'ar tarayya ta Dutse da ta Gashuwa da kwalejojin ilimi zasu iya yi a hutu daya su tara abin da za a dade ana amfani da shi.

Wani zai ce to in an kirga sai me. Ga ungulu nan ta ishe mu misali. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda take cika kwata da bayan kasuwa da kan rufin mahauta, har korarta ake da dutse. Yau fa? Akwai yaran da aka haifa a Kano da Hadejia da basu taba ganin ungulu da idonsu ba sai a karin magana. Ta tafi a gabanmu, masu tsibbu da bokaye suna sayen kanta da kafafunta da kwanta, ana sa mata guba a mushe, ana sare manyan bishiyoyin da take sheka, kuma tun 2015 kungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa irin tamu ta cikin gari a sahun wadanda ke dab da karewa a duniya. Amma in ka tambaya a wace shekara ta fara raguwa a garinku, daga wace unguwa ta fara bacewa, ba mai iya fada maka, sai dai ace da akwai yanzu babu. Da wani ya rika rubutawa ko sau daya a wata da an ga abin tun yana karami. Gauraka ma haka, wanda ake cewa shi ne tsuntsun kasa na Najeriya, tsofaffi suna bada labarin garkensa a fadama, yanzu sai dai a gidan wani mai kudi an yanke masa fiffike yana zagaya tsakar gida. Shamuwa kuwa har yanzu tana zuwa alhamdulillahi, kuma manomi daga nan har Damagaram da Maradi ya san in ta sauka kan kuka ko tsamiyar gari to a fara gyaran gona, da rani kuma can gabashi da kudancin Afirka take tafiya cin fara. To yanzu da kowa ke cewa damina ta rikice, shin ranar saukar shamuwa ta canza ko bata canza ba? Tambaya ce da in mutum dari a garuruwa dari suka rika danna ranar da suka fara ganinta, cikin 'yan shekaru za a samu amsa, kuma amsar ta manomi ce kafin ta zama ta bature.

Kar kuma ace ni dan birni ne mai son tsuntsu ban san barnarsa ba. Na san jan baki. Na san yadda yake tasowa kamar hadari ya sauka kan shinkafa ko gero ko alkama, yara tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa suna ihu har murya ta dushe, makaranta ma an hakura da ita. Kuma kowa a yankin nan ya san inda yake kwana, cikin kacalla, ciyawar da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ruwa ke zuwa, da can yazo ya janye kasa ta bushe, yanzu wasu wuraren ruwa na kwance shekara zagaye kacalla ta samu gida. Kowace shekara sai anji gwamnati ta dauko jirgi ana feshi, kudi masu yawa, kuma maganin ba jan baki kadai yake kashewa ba. Da ace akwai matasa a kowace gunduma da suka iya daukar daidai wurin da tsuntsayen ke kwana da inda suke sheka da waya, da ranar da suka gani, da feshin ma yafi zuwa inda ya kamata a lokacin da ya kamata. Haka masu kiwon kaji da basu manta murar tsuntsaye da ta bulla a jihar Kaduna a 2006 ba, su ma sanin zirga zirgar tsuntsayen daji ba zai zame musu asara ba.

Matsaloli kam akwai, ba zan boye ba. GPS yana shan caji kamar me, in baka da fawa bank kafin hantsi waya ta mutu, ga rana tana dukan fuskar wayar baka ganin komai sai ka shiga inuwa. Madubin hangen nesa mai kyau yana da tsada, kodayake ana samun na hannu a kasuwa kuma mutum uku hudu zasu iya karba karba da guda daya. Amma babbar matsalar ita ce tsaro. A wannan zamanin mutum ya shiga bayan gari da madubin hangen nesa a wuya yana daga waya sama yana danne danne, ai kafin yace tsuntsu an ce infoma ne, kuma ba zaka ga laifin mutane ba bisa abin da suka gani. Don haka duk wanda zai fara, don Allah ya fara da gaida mai unguwa ko bulama, ya fadi abin da ya kawo shi, ya nuna musu hotunan a waya, ya nemi a hada shi da dan gari, in akwai 'yan banga su ma su sani. Kar a doshi barikin soja ko shingen jami'an tsaro ko madatsar ruwa da kamara. Dajin da aka san ba lafiya kuma a bar shi, tsuntsun cikin gari ma ba a gama rubuta shi ba, bishiyar darbejiyar kofar gidanku da kududdufin bayan makaranta da juji duk wuraren aiki ne, kuma mata da 'yan mata ma zasu iya daga tsakar gida ko harabar makaranta ba sai sun je ko'ina ba.

Akwai kuma abin da nake tsoro daga bangarenmu. Manhajojin nan suna dauke da kukan tsuntsaye, kuma in ka kunna wa namiji kukan dan uwansa a lokacin sheka zai taso a fusace yazo neman abokin fada, ya bar kwai ya bar 'ya'ya. Masu daukar hoto suna yi, kuma ba sai an fada ba masu tarkon kanari da masu danko in suka gane zasu yi. eBird tana boye wurin da aka ga wasu tsuntsayen da ake farauta saboda irin wannan, amma ba ta da iko da abin da ka sa a Facebook ko WhatsApp. In Allah ya nuna maka shekar ungulu ko gauraka kar ka yi ta shela da sunan kauye da bishiyar, ka tura inda ya dace ka yi shiru. Abu na biyu da nake tsoro shi ne karya. Mu dai akwai son a ce wane yafi kowa, to sai mutum ya zauna a daki ya danna tsuntsu tamanin, ko waya ta kawo masa sunan wani tsuntsu da ba a taba gani a Afirka ba ya tura haka nan. Akwai masu tantancewa da zasu aiko maka sako su nemi hoto ko bayani in ka kawo abin mamaki, kuma ba cin fuska bane in sun tambaya. In baka tabbatar ba ka bar shi, kati mai tsuntsu goma sha biyar na gaskiya yafi amfani.

Masu cewa wannan aikin nasara ne da wadanda suka koshi, ni dai abin da zan ce su koma Suratun Namli su ga Annabi Sulaiman alaihis salam yana bin rundunar tsuntsaye yana dubawa har ya lura alhudahuda baya nan ya tambaya. Kuma alhudahudan nan yana nan a gonakinmu da tukkunsa, yana caccakar kasa da dogon bakinsa.

Rokona gare ka Malam Edita guda biyu ne zuwa uku. Ku ware dan fili ko sau daya a wata, hoton tsuntsu daya da aka dauka a kasar nan, masu karatu su aiko da sunan da ake kiransa a garinsu da abin da suka sani a kansa, don na tabbata sunan Sakkwato ba lallai ya zama na Hadejia ko na Damagaram ba, ku kuma ku tara ku buga. Ku tura wakilinku ya bi masu kirgar tsuntsayen ruwa da ake yi duk watan Janairu a dausayin Hadejia da Nguru, ya ga yadda ake yi ya kawo mana rahoto da Hausa, tare da jin ta bakin masunta da manoman wurin ba jami'ai kadai ba. Sannan malaman makaranta da ke karanta wannan, musamman masu koyar da kimiyya da aikin gona, akwai ranar tsuntsaye masu kaura ta duniya da ake yi Asabar ta biyu a watan Mayu da kuma ta Oktoba, ta Oktoban ta dace da lokacin da bakin namu ke fara sauka. Waya daya mai caji ta isa aji guda, a sauke kunshin tun daren Juma'a, a nemi izinin shugaban makaranta da na mai unguwa, a roki wani tsohon mafarauci ko masunci ya raka yara, a fita da karfe shida da rabi kafin rana tayi zafi a dawo kafin tara.

Na gode da fili, Allah ya kara wa jarida daukaka.

Naku,
wani mai karatu daga Hadejia, jihar Jigawa